Motar Kwanuka Ta Nufi Yamma

Litinin, 5 ga Afrilu 1976, hutun rana

Ina gindin darbejiyar bayan sito, ƙosaina na hucewa a takarda. Tun farkon watan jiya motar ta tafi, amma sai yau na ji ina son in rubuta, don na gaji da yi wa bangon ɗaki magana.

Kamfaninmu na kwanuka a Bompai ne ya cika mota da kaya, ya ce a bi ta ƙasa a yi ta yin yamma har sai an ga teku. Ba a taɓa yi ba. Kayanmu iyakarsu Maraɗi da Yamai. Manaja na son ya san ko akwai hanya, in akwai kuma ko akwai masu saye. Mutum uku suka tafi: Malam Idrisu direba, maƙwabcinmu a Hotoro, mutumin Damagaram ne, yana jin Faransanci da Zabarmanci, sai Lawan akawu, sai mijina Sulemanu, makanike. Shi ba zaɓarsa aka yi ba, shi ya je ya roƙa.

Ranar da aka yarda masa, ko takalmi bai cire ba ya ɗauki tsinke ya hau zana mini hanyar a tsakar gida. Yamai, Wagadugu, Bobo, Bamako. Ya ja layi har bakin rijiya ya ce, "Maman Lami, a nan ƙasa ta ƙare. Daga nan sai ruwa." Na ce to in ta ƙare sai ka juyo. Ya yi ta dariya. 'Yarmu Lami ta bi layin da tsalle, ta goge Bamako da ƙafa.

An ce kafin bikinmu na Ista za su dawo.

Laraba, 7 ga Afrilu, bayan tashi daga aiki

Hanyar gida gabas take yi, rana kuwa a bayana take faɗuwa. Na koyi tafiya ina waiwaye. Yau ta sauka ta bayan hayaƙin kamfanin mai, ja wur, a hankali. Na ce a raina, wajensu za ta. In ta isa can, ko ya ɗaga kai ya dube ta?

Na yi tuntuɓe da layin dogo. Zuwaira, wadda muke teburi ɗaya wajen naɗe kwanuka, ta ce wata rana keke zai kwashe ni.

Asabar, 10 ga Afrilu, la'asar

Lawan akawu ya dawo shi kaɗai, a motar shanu. Da na hango shi a bakin ƙofar kamfani na tsaya cak. Ya lura, ya ɗago hannu tun daga nesa yana cewa, "Lafiya! Lafiya lau suke! Ni ne cikina ya kayar da ni a Wagadugu."

Ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Ya ce duk garin da suka sauka akwai zango, akwai Hausawan da kakanninsu suka je da jakuna suka zauna. Wani tsoho a Wagadugu, da ya ji daga Kano suke, ya riƙe masa hannu yana tambaya ko har yanzu Dala na nan. Shi bai taɓa ganin Kano ba, a bakin kakarsa ya ji. Ya ce matan can suna rububin kwanonmu mai shuɗin fure.

Na ce, "Baban Lami fa?"

Ya ce, "Mijinki ai ba ya zama. In ba ya ƙarƙashin mota, yana wajen tsofaffi yana tambayar hanya. Su ce masa daga nan sai rijiya kaza, daga nan sai dutse kaza. Amma duk wanda ya tambaya abin da ke bayan Bamako, sai ya girgiza kai ya ce nasu fataken ba su kai can ba."

Na ce, "Sai ya ce me?"

"Sai ya dubi Malam Idrisu yana murmushi."

Na san murmushin.

Na kai wa Hajjo, matar Malam Idrisu, labari ta kan katangar da ta raba gidajenmu. Ta ajiye taɓarya ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce, "Maman Lami, naki ne ke jan nawa. Malam shi kaɗai da tuni ya juyo." Cikin wasa ta faɗa. Na yi dariya, amma maganar ta bi ni ɗaki.

Talata, 13 ga Afrilu, hutun rana

Zafin tanderu ya sa na yi gyangyaɗi a tsaye. Na ga wata mata doguwa, a garin da ban sani ba, tana shan ruwa da kwanon da na naɗe da hannuna. Ta sauke kwanon ta dube ni kamar za ta faɗa mini wani abu. Jiniya ta kaɗa.

Kullum kwano nake naɗewa a takarda in jera a kwali, shekara da shekaru, ban taɓa tunanin inda suke zuwa ba. Yanzu kowane na ɗauka sai in ji kamar aike ne.

Juma'a, 16 ga Afrilu, safe

Ba labari.

Lahadi, 18 ga Afrilu, bayan sujada

Ista. Na dafa shinkafa da kaza yadda yake so, na zuba nasa a kwanonsa na rufe. Ba wai ina jira ba ne, hannuna ne ya saba.

A coci kowa na tambaya. Na ce suna hanya. Lami ta sa sabuwar rigarta ta zauna a dokin ƙofa, ta ƙi cirewa, wai sai ya gani.

Da rana ta yi sanyi na miƙa wa Hajjo kwanon ta kan katanga, don na san yankan Malam Ado mahauci ne, za ta ci. Ta karɓa. Ta dawo mini da shi cike da fura.

Alhamis, 22 ga Afrilu, hutun rana

Na yi ƙarfin hali na shiga ofishin Manaja. Akwai taswira a bango, babba, da jan zare an ɗaura shi a ƙusoshi tun daga Kano. Ya ce tangaraho ya zo daga Bamako, sun isa lafiya, sun wuce. Ya nuna mini ƙusa ta ƙarshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga nan fa?"

Ya kai yatsa gaba, wurin ba suna ko ɗaya, launin ƙasa kawai da wani siririn layi. Ya ce layin jirgin ƙasa ne. Ya ce yawanci mutane a jirgi suke ɗora mota su haye wurin, amma su sun ce za su gwada ta ƙasa, ai abin da aka aike su ke nan.

Na ce, "Wa ya ce za su gwada?"

Ya gyara takardun gabansa ya ce in koma bakin aiki, in an ji wani abu za a kira ni.

Teku a taswira shuɗi ne, irin shuɗin furen kwanonmu. Tazarar da ta rage musu ba ta kai tafin hannuna ba.

Litinin, 26 ga Afrilu, yamma

Ba labari. Zafi. Mangwaro ya cika kasuwa.

Laraba, 28 ga Afrilu, asuba

Na yi mafarki motar na tafiya a kan farin yashi, ba ƙara, ba ƙura, kamar kwalekwale. Kwanukan sun fito daga kwalaye suna bin ta a baya, suna gangarawa a jere. Sulemanu yana kan rufin mota ya harɗe ƙafa. Na kira shi, ya juyo, amma ba ni yake kallo ba, wani abu ne a bayana mai nisa.

Ban ji tsoro ba. Wannan ne ya ba ni tsoro da na farka.

Tun muna Zonkwa haka yake. In mun je gona sai ya hau dutse ya tsaya yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa, ya ce ko me ke can. Uwarsa ta ce an haife shi da ƙaiƙayin ƙafa. Shi ya kawo mu Kano da wannan ƙaiƙayin. Na ɗauka Kano ta ishe shi.

Asabar, 1 ga Mayu, la'asar

Hajjo ta sa an yi musu saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa. Ta ce ta ba da sunan mutum biyu. Na ce na gode. Gobe ni ma zan ba matan zumunta na cocinmu suna biyu.

Mun daɗe a katanga, ita a can ni a nan. Ta ba ni labarin kakan Malam da ya tafi Gwanja fataucin goro yana saurayi, ya dawo da furfura. Ta ce matarsa ta jira shi. Na ce shekara nawa? Ta ce, "Ke dai bar tambaya."

Talata, 4 ga Mayu, hutun rana

Ba labari.

Juma'a, 7 ga Mayu, hutun rana

Yau an ɗauke ni daga kusa da tanderu an mayar da ni bakin taga, inda iska ke shigowa. Shekara uku ina roƙon wurin nan ba a ba ni ba. Ban roƙa ba wannan karon.

Zuwaira ta saya mini kunun zaƙi. Ita da ko goro ba ta ɓara wa mutum.

Lawan ya hango ni ya juya ya shiga sito.

Lahadi, 9 ga Mayu, yamma

Fasto ya zo gida da matarsa. Ya ce wucewa suke yi. Hotoro ba hanyar ko'ina ba ce daga gidansu. Sun sha ruwa, ya yi addu'a doguwa, ya tambayi ko ina da hanyar aika saƙo Zonkwa. Na ce me zan aika? Ya dubi matarsa, ta dubi Lami.

Na ce su gaida gida.

Na kira Hajjo ta katanga, ba ta fito ba. Ina jin motsinta.

Talata, 11 ga Mayu, safe, kafin in fita

Jiya da magariba Hajjo ta shigo gidana ta ƙofa. Tun da muka zama maƙwabta ba ta taɓa shigowa ta ƙofa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da murhu, mayafinta har goshi.

Ta ce wani direban Maraɗi ya zo kamfani tun ranar Alhamis. Ya ga Malam a Yamai, a gidan sarkin zango, ana jinyarsa. Da ya ji ƙarfi za a sako shi a mota.

Na ce, "Madalla. Kin ga Allah ya ji mu."

Ta ce, "Maman Lami."

Na ce, "Motar fa? Ko ta lalace ne? In ta lalace ai ba zai baro ta ba, kin san shi da mota."

Ta kama hannuna ta riƙe da hannu biyu tana kuka. Na ce tuwona zai kama. Na tashi na tuƙa. Bai kama ba. Ya yi kyau ma.

Laraba, 12 ga Mayu

Na je aiki.

Alhamis, 13 ga Mayu

Na je aiki. Na naɗe kwanuka. Rana ta faɗi, ban waiwaya ba.

Asabar, 15 ga Mayu, la'asar

Malam Idrisu ya iso. Na ji tsayuwar tasi, na ji maza suna sannu, sannu, na ji muryar Hajjo ta tashi sannan ta danne ta, saboda ni.

Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Mutum biyu ke riƙe da shi. Malam Idrisu da ke cika ƙofa, yanzu riga ce kawai a rataye. Leɓunansa sun tsattsage. Da suka zo daidai ƙofata ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Sannan suka wuce da shi.

Na tsaya ina kallon tasin ko akwai sauran wanda zai fito. Direban ya rufe ƙofa ya ja.

Litinin, 17 ga Mayu, asuba

Ina jin ƙarar butar Malam ta bayan katanga, yana alwala. Yana tari. Ruwa na zuba a ƙasa, ya daɗe yana zuba, kamar ba ya son ya daina jin ƙararsa.

Shi ya sani. Yana nan, taku kaɗan daga inda nake kwance, ya sani.

Laraba, 19 ga Mayu, rana

Ban je aiki ba. Yaya Luka, wan Sulemanu, ya iso daga Zonkwa da mata biyu na dangi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane na zuwa suna zama suna tashi. Matan zumunta sun cika tsakar gida suna waƙa a hankali. Matan unguwa sun kawo abinci har ba wurin ajiyewa.

Kowa ya zo sai ya faɗi kalma ɗaya. Ina amsawa. Kamar wata ce ke amsawa a madadina, ni kuma ina zaune a kan katanga ina kallonsu duka.

Manaja ya zo, ya tsaya a rana da hula a hannu. Zuwaira ta raɗa mini cewa ya aika a tambayi Malam Idrisu ina mota, ina kaya. Malam ya ce motar na inda ta tsaya, kayan kuma ya bar wa mutanen ƙauyen da suka tsince su, duka. Wai Manaja ya ce shi ke nan.

Ke nan akwai wani ƙauye can da kowane gida ke shan ruwa a kwanon da na naɗe. Na yi ta tunanin wannan har Fasto ya gama magana ban ji abin da ya ce ba.

Alhamis, 20 ga Mayu, yamma

Ruwan farko. Lami ta fita tana rawa a cikinsa, matan dangi suka yi mata tsawa. Na ce su ƙyale ta.

Can ma ana yi?

Asabar, 22 ga Mayu, safe

Yaya Luka ya ce in haɗa kaya mu koma gida da su, ni da yarinya, ba abin da ya rage mini a Kano. Ya faɗa da taushi. Na ce ba zan iya tashi ba tukuna. Ya ce me nake jira? Na ce akwai wanda bai zo gaisuwa ba.

Litinin, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Malam Idrisu ya zo. Hajjo ta riga shi shigowa ta shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar ɗakina. Ya zauna daga waje, ni ina ciki, labule a ɗage. Yaya Luka na gefe. Mun gaisa. Ya gyara zama.

Ya ce, "Maman Lami, kunyarki ce ta hana ni zuwa. Na tafi da mutum na dawo ba shi."

Na ce, "Malam, faɗa mini kawai."

Ya ce bayan Bamako hanya ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama sawun shanu, daga baya sawun ma ya ɓace. Duwatsu baƙaƙe, da zafin da bai taɓa jin irinsa ba, shi da aka haifa a bakin hamada. Sifirin ɗin motar ya karye, Sulemanu ya ɗaure. Lagireto ya fashe, ya toshe. Ya sake fashewa. Ruwan shansu suka riƙa ba mota.

Yaya Luka ya ce, "Me ya hana ku juyowa?"

Malam ya ce, "Mun yi maganar. Abin da muka ce wa juna a wurin, ka bar mana shi. Ni ke riƙe da sitiyari, ba wanda ya ja ni."

Ya ce da motar ta tsaya gaba ɗaya suka kwanta a ƙarƙashinta. Zazzaɓi ya kama Sulemanu. Wasu makiyaya suka gan su, suka ɗora su a kan shanu zuwa wani ƙauye a gindin dutse. Ba mai jin Hausa, ba mai jin Faransanci. Wata tsohuwa ta yi ta ɗiga masa nono a baki. Ya farfaɗo har ya zauna, ya ce a fitar da shi waje ya ga gari. Ya tambayi ko da sauran nisa. Malam ya ce masa da saura. Ya ce to, ba laifi, ai an san hanyar zuwa nan yanzu.

"Washegari da hantsi," in ji Malam. Bai ƙarasa ba. Ban ce ya ƙarasa ba.

Ya ce mutanen suka haƙa kabari a ƙarƙashin wata kuka. Limaminsu ya zo, ya yi masa nuni da hannu, yana tambaya ko a yi salla. Malam ya nuna masa cewa ba Musulmi ba ne. Sai duk suka ja da baya kaɗan, suka tsaya suna kallonsa, suna jira ya yi abin da ake yi.

"Ni kuwa ban san addu'arku ba, Maman Lami. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ban taɓa tambayarsa ba. Na tsaya a kansa ban san me zan ce ba. Sai kawai na ɗaga hannu na yi da Hausa. Na ce, ya Allah, wannan Sulemanu ne, mutumin Zonkwa, makanike ne, mijin Dorkas, uban Lami. Baƙo ne a nan, ba wanda ya san shi sai ni da Kai. Da ruwa ya rage kaɗan ni ya miƙa wa. Ga shi nan na kawo maka shi. Iyakar abin da na ce ke nan. Mutanen ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma da na sauke hannu duk suka ce amin."

Ya dube ni karo na farko. Ya ce, "Ban sani ba ko ya yi."

Yaya Luka ya rufe fuska da hularsa. Ni na buɗe baki, muryata ta fito daidai, ban san daga ina ba.

Na ce, "Ya yi, Malam. Ya yi."

Talata, 25 ga Mayu, safe

Sulemanu ya mutu.

Na rubuta, na zauna ina kallonsa har tawadar ta bushe. Lami ta farka tana cewa yunwa take ji. Bari in hura wuta.